Yadda za a taimaki yarinya 'yar shekara 9 zuwa 12 ta yarda da kanta

Me ya sa yarinya mai surutu da kazar-kazar take yin sanyi a waɗannan shekaru?

Jikinta ne ke riga hankalinta girma. Balaga kan fara wa 'yan mata tsakanin shekara 8 da 13, galibi da ƙirgen dangi, al'ada ta biyo baya da kamar shekara biyu. Nan take ido ya dawo kanta: a gida "kin girma, ki nutsu", a makaranta tsokana. Sai ka ga ta fara ranƙwafa kafaɗa tana ɓuya cikin hijabi. Uwa ko yaya ko gwaggo ta yi mata bayanin al'ada tun ba ta zo ba, don kada ta ga jini ta ɗauka ciwo ne ko laifi ta yi.

To ba kunya muke so ga 'ya mace ba?

Ita muke so, amma kada mu kira tsoro kunya. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Yarinya za ta iya russunawa ta gaida manya, kuma ta ɗaga hannu a aji ta yi tambaya. Wadda kullum ake daka wa tsawa "rufe mana baki" ta koyi cewa maganarta ba ta da daraja, kuma ran da wani ya ja ta lungu, a hanyar makaranta ko wurin talla, shiru za ta yi. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Wace magana ce ta fi karya mata gwiwa?

Gori. "Baƙa", "daƙiƙiya", "dubi ƙanwarki". Ana faɗa da wasa, ita kuwa ta riƙe. Gorin launin fata na cikin abin da ke kai 'yan mata ga man bilicin daga baya.

Yabo ba zai sangarta ta ba?

Ya danganta da abin da aka yaba. A 1998, masu binciken halayyar ɗan Adam Carol Dweck da Claudia Mueller sun gwada yaran firamare a Amurka: waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure aiki mai wuya a kan waɗanda aka ce musu suna da ƙwaƙwalwa. Maimakon "ke haziƙa ce", a ce "na ga yadda kika dage har kika haddace surar nan". A ba ta aikin da za ta riƙe da kanta, kamar lissafin cefane, in ta yi kuskure a gyara mata a keɓe.

Ina rawar uba?

Babba ce. Ya zauna ya tambayi ra'ayinta, ya saurara har ta kai aya.

Waya fa?

TikTok da Instagram da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Kafin nan, ta kalla tare da babba, a nuna mata cewa da yawa daga fuskokin da ake gani a ciki gyara su aka yi.

Yaushe za a nemi likita?

Idan ta yi fiye da mako biyu ba walwala, ta rage cin abinci ko barci, tana ƙin zuwa makaranta, ko ta ambaci cutar da kanta, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.