Shin Sai Gwanin Lissafi Ne Zai Iya Koyon Rubuta Manhaja?

An daɗe ana cewa ɗalibin sakandaren da lissafi ke ba wahala gara ya haƙura da koyon rubuta manhajar kwamfuta. Wannan zato yana da tushe, domin wasu darussan kimiyyar kwamfuta a jami'a suna buƙatar lissafi mai zurfi. Sai dai matakin farko ya fi dogara ga iya jera umarni ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin gano inda kuskure ya ɓuya, wanda sau da yawa alamar baka ce, wato ( ), aka buɗe ba a rufe ba. Mai shakka ya sa ɗalibi ya rubuta layi biyu a Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, na farko ya tambayi suna, na biyu ya gaishe da mai sunan, zai ga ko tarawa babu a ciki. Don Allah a isar da wannan bayani ga iyaye da malamai.