Taku dubu goma ba umarnin likita ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa kula da lafiyar jiki sai an yi shi cif-cif, in ba haka ba wahalar banza ce. Mai wannan tunani in ya tsallake motsa jiki ranar Talata, sai ya ce makon ya lalace, ya jingine sai wani makon. Mai ciwon suga in ya ci alkaki a gidan biki, sai ya ce tunda an karya doka, bari ya ƙarasa da lemo. Son cika komai ɗari bisa ɗari ne ke kai su ga barin komai.

Dubi taku 10,000 a rana da wayoyinmu ke ƙirga mana. Asalin lambar talla ce. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fito da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana "ma'aunin taku dubu goma". Lambar ta yi daɗin faɗa, shi ke nan ta zauna. Wani bincike kan tsofaffin mata a Amurka da aka buga a 2019 ya gano mace-mace ta fi ƙaranci a masu taku wajen 4,400 fiye da masu 2,700, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a kusan 7,500.

Ita Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako ta ba manya shawara, kuma ta ce kaɗan ma ya fi babu. Tafiya masallaci, zuwa kasuwa a ƙafa, daka da ɗibar ruwa duk suna cikin lissafin.