Waiwaye: Yadda Rumbunan Shinkafar Ƙabilar Karen Suka Fara Raguwa

A tsaunukan arewacin Tailan, yankunan Chiang Mai da Mae Hong Son da Tak, ana auna wadatar magidanci ɗan ƙabilar Karen ne da shinkafar da za ta kai iyalinsa wata kakar. Tun kaka da kakanni, sassabe suke yi a gangaren dutse, su ƙone, su shuka shinkafar tudu haɗe da kabewa da wake da barkono. Damina ɗaya kawai ake noma wurin, sai a bar shi saura kamar shekara bakwai har daji ya sake rufe shi. Wannan hutun ne takinsu, shi ne kuma ke kashe ciyawa.

Doka ce ta fara taɓa rumbun. A 1961 da 1964 gwamnati ta kafa dokokin keɓe gandun daji, alhali galibin manoman ba su da takardar fili. Idan jami'i ya ga saura ta yi itatuwa, a wurinsa daji ne, kuma wanda ya koma ya sare ya zama mai laifi. Matsin ya ƙaru bayan hana saran katako a 1989. Dole wasu ƙauyuka suka rage hutun zuwa shekara biyu ko uku, ƙasa ta gaji, ciyawa ta yi ƙarfi, amfani ya ragu. Abin takaici, sai aka ɗora laifin a kan salon noman. A gundumar Mae Chaem, da yawa sun koma noman masarar abincin dabbobi da iri da taki na bashi, su sayar sannan su sayi shinkafar da a da suke nomawa.

A Agustan 2010 majalisar ministoci ta amince a kare salon rayuwar Karen, har ƙauyen Hin Lad Nai na Chiang Rai ya zama abin misali. Amma shekara ɗaya bayan haka, a gandun dajin Kaeng Krachan da ke lardin Phetchaburi, jami'ai suka ƙone gidaje da rumbunan mutanen Bang Kloi, wani ƙauyen Karen. Porlajee Rakchongcharoen, wani ɗan ƙabilar da ke bin kadin lamarin, ya ɓace a 2014. A 2018 kotu ta ce a biya diyya, ba ta kuwa ba su izinin komawa ba. Farkon 2021 wasunsu suka koma tsoffin gonakinsu saboda filin da aka tsugunar da su ba ya ciyar da su, aka kama su a watan Maris. A Yuli UNESCO ta saka dajin cikin wuraren tarihi na duniya.