Me ake nufi da "gluten-free", kuma ya isa ga wanda jikinsa ba ya karɓar alkama?

Duk wanda ke leƙa shagunan kayan kek a Sabon Gari ko Samaru a nan Zariya, ko yake bin masu tallar abinci a Instagram, ya sha cin karo da wannan rubutu a jikin leda: "gluten-free". Wasu na ɗauka abincin masu rage ƙiba ne, wasu kuma na ganin yayi ne kawai na 'yan boko. A gidanmu kuwa maganar ta wuce nan, domin 'yar yayata da zarar ta ci burodi sai borin jini ya feso mata, leɓɓanta su kumbura.

Gulutin ("gluten" da Turanci) wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai. Idan aka zuba wa fulawa ruwa aka murza, furotin guda biyu da ke cikinta, gilayadin da gulutenin, sai su haɗu su yi danƙo. Duk wadda ta taɓa kwaɓa funkaso ta san wannan danƙon, yadda ƙullun ke miƙewa bai tsinke ba. Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi ya yi laushi. Shi ya sa garin masara, komai murzar da aka yi masa, ba zai yi irin wannan tashin ba. To "gluten-free" na nufin abincin da babu wannan furotin, ko wanda ya rage kaɗan ƙwarai. Ƙa'idar duniya ta Codex ta ce kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya.

An yi wannan ƙa'ida ne musamman saboda masu cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Su idan gulutin ya shiga cikinsu, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata bangon ƙaramin hanji, sai gudawa da rama da ƙarancin jini su biyo baya a hankali. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙar cutar da alkama a shekarun 1940.

Amma alajin alkama wani abu ne daban, kuma a nan ne nake so iyaye su tsaya su lura. Mai alaji jikinsa na iya yin bore da kowane furotin na alkama, ba gulutin kaɗai ba, kuma abin kan zo da sauri, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i: ƙaiƙayi, kumburi, amai, wani lokaci numfashi ya sarƙe har sai an garzaya asibiti. Akwai kayan da ake shigowa da su daga Turai waɗanda aka yi da sitacin alkama da aka wanke wa gulutin. A doka sun cancanci tambarin, amma alkama na ciki. Don haka a juya bayan leda a karanta jerin abin da aka haɗa, kada a tsaya ga babban rubutun gaba. Sannan a bar likita ya tantance wanne ne daga cikin biyun, siliyak ko alaji. Ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da mu.

Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne rumbun Bahaushe cike yake da abin da babu ruwansa da alkama. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, gyaɗa, duk lafiya lau. Waina da sinasir galibi da shinkafa ake yin su. Haɗarin yana wajen da ba a zata ba. Ɗanwake yanzu da yawa da fulawa ake yin sa, wasu masu waina kan barbaɗa fulawa a ƙullu, tuwon semo kuwa na alkama ne, haka taliya da alkaki da alkubus da gurasa. Sai injin niƙa. Idan an gama niƙa alkamar wata aka zuba dawarki, ragowar garin ya isa ya tayar da yarinya. Yayata kan ce wa mai injin unguwarsu, "Malam, don Allah a fara zuba wannan 'yar dawar a wanke injin, sannan a niƙa mini sauran." Daga baya ma ta sayi ƙaramin injin hannu ta huta, ta kuma ware rariya da muciya da kwanon gashi na yarinyar ita kaɗai.

Wajen gashin burodin da babu alkama kuwa, gari ɗaya ba ya yi. Garin shinkafa shi kaɗai kan bar ɗanɗanon tsaki-tsaki a baki, na dawa kuma ya yi nauyi. Sai an gauraya su, a ƙara sitacin rogo ya kawo ɗan danƙo, ƙwai ya riƙe. Masu sana'ar kek suna sa wani gari mai suna zantan gam, ƙaramin cokali ɗaya ko ƙasa da haka ga kofi biyu na gari. Idan bai samu ba, ɗan garin busasshiyar kuɓewa kan taimaka da yauƙinsa, kamar yadda kuka da kanwa ke riƙe ɗanwake. Ƙullun ba irin na burodin bekiri ba ne da ake buga shi a tebur. Ruwa-ruwa yake, kusa da na kek, a zuba shi a gwangwani da ludayi. A bar shi ya huta kamar minti 30 garin ya sha ruwa kafin ya shiga oven ko tukunyar yashi, kuma kada a yanka shi da zafi, zai farfashe.

Irin wannan burodin ba ya jimawa bai bushe ba, balle da hunturun Zariya. Yayata kan yayyanka shi ranar da ta gasa, ta ƙulle a leda ta sa a firji, kowace safiya ta ɗumama yanka biyu a kasko ta sa wa yarinyar a kwanon makaranta.