Waiwaye: Allon talla da rumfar zaɓe a gaban majalisun garuruwan Amurka

A zaman majalisar ƙaramin gari a Amurka, akan tarar da batun girman allon shago da na haɗe rumfunan zaɓe a takarda ɗaya, tsakanin maganar magudanar ruwa da ta fitilun titi. Kansiloli kan ɗauke su aikin yau da kullum. Sai dai kowannensu yana da dogon tarihi, kuma a 'yan shekarun nan Kotun Ƙoli ta ɗaure hannun ƙananan hukumomi a kan alluna, ta kuma sakar musu mara a kan rumfuna.

Tushen duka biyun yana komawa 1965. A watan Agustan shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Zaɓe, wadda ta tilasta wa jihohi da gundumomin da suka yi ƙaurin suna wajen danne ƙuri'ar baƙaƙen fata neman izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya komai a tsarin zaɓe, ko da matsar da rumfa ce daga wannan unguwa zuwa waccan. A watan Oktoba kuma ya sa hannu kan dokar ƙawata manyan hanyoyi, wadda matarsa Lady Bird ta tsaya kai da fata a kanta, domin rage manyan allunan talla da suka cika gefen titi. Jihar Vermont ma ta haramta su baki ɗaya a 1968.

Garuruwa suka yi ta rubuta nasu ƙa'idojin: tsawon allo, haskensa, nisansa da titi, kwanakin da zai yi a kafe. Aka yi ta tafiya a haka har wani fasto, Clyde Reed, ya kai garin Gilbert na jihar Arizona ƙara. Cocinsa ba shi da gini, yana aron wurare ne, don haka duk mako sai ya kafa ƙananan alluna masu nuna hanya. Dokar garin ta ce irin wannan allo kada ya wuce murabba'in ƙafa 6, a kafa shi awa 12 kafin taro, a cire awa ɗaya bayan an tashi. Allon ɗan siyasa kuwa yana iya kai murabba'in ƙafa 32, ya yi watanni a tsaye. Ibadar safiyar Lahadi ke nan sai dai a kafa mata allo ranar Asabar da dare. A 2015 alƙalai tara duka suka ba faston gaskiya: hukuma ba za ta bambanta alluna bisa abin da aka rubuta a jikinsu ba. Garuruwa da yawa suka koma gyaran dokokinsu. Sai a 2022 aka ɗan sassauta musu, lokacin da kotun ta ce bambancin da birnin Austin na jihar Texas ya yi tsakanin allon da ke harabar kasuwancin mai shi da wanda ke tallata wani wuri can daban bai shiga wancan haramcin ba.

Labarin rumfuna ya sha bamban. A 2003 gundumar Larimer ta jihar Kolorado ta fara tsarin manyan cibiyoyin zaɓe, inda mai ƙuri'a zai je duk wadda ta fi masa sauƙi. Hujjar tana da ƙarfi, domin injunan zaɓe na da tsada, masu aikin rumfa galibi tsofaffi ne kuma suna ƙaranci, ga mutane na komawa zaɓe ta gidan waya. A 2013 kuma, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake tantance wuraren da ke buƙatar izinin tarayya. Daga nan rufe rumfa ya zama shawarar gida.

An ga sakamakon da wuri. A zaɓen fid da gwani na Maris 2016, gundumar Maricopa ta jihar Arizona ta buɗe rumfuna 60 kacal, bayan ta yi amfani da kusan 200 a 2012. Wasu suka yi awa biyar a layi. A 2018 aka kawo shawarar rufe bakwai daga cikin rumfuna tara na gundumar Randolph a Jojiya, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, da hujjar cewa gine-ginen ba su dace da masu buƙata ta musamman ba. Hujja ce mai wuyar haɗiyewa, tunda gyara ƙofa ya fi rufe rumfa sauƙi, kuma da hayaniya ta yi yawa hukumar zaɓen ta yi watsi da shawarar. A Afrilun 2020, cikin annobar korona, birnin Milwaukee na jihar Wisconsin ya koma rumfuna biyar daga kusan 180 saboda rashin ma'aikata.

Ba ko'ina ne majalisar gari ke da ta cewa ba. A jihohi da yawa gunduma ce ke tsara rumfuna, amma a Wisconsin da Michigan nauyin yana kan birane da ƙananan garuruwa. A can, mai shagon da aka hana allo yana da hukuncin 2015 da zai riƙa tun kafin a taɓa shi. Wanda aka nisanta wa rumfa kuwa dole ne ya shigar da ƙara da kansa, ya tabbatar da an cuce shi, sau da yawa bayan an riga an ƙirga ƙuri'u.