Ba tausa kaɗai ba ce

An daɗe ana faɗa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, wai mai koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum tausa kawai yake yi, jinya ce aikin gaske. Ba haka abin yake ba. Nas ke ba da magani, ta yi allura, ta kwana a asibiti, kuma a Kamaru karatunta shekara 3 ne bayan bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare. Shi kuwa mai koyar da ayyukan yau da kullum, yakan koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye riƙe cokali, sa maɓalli, yin alwala da hannu ɗaya. Wannan babban aiki ne.

Magidanci mai niyyar komawa karatu don koyon wannan aiki, je ka ga aikin da idonka, ka tambayi makaranta iyakar shekarun shiga da ko gwamnati ta amince da takardarta. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.