Gwajin cututtuka ga yaran da aka ɗauko riƙo daga ƙasashen waje

Wannan shi ne binciken lafiya da ake yi wa yaro idan wani iyali ya ɗauko shi riƙo daga wata ƙasa, domin gano cututtuka masu yaɗuwa da ƙila yake ɗauke da su. Aikin ya fi bunƙasa a Amurka, inda a shekarar 2004 kaɗai aka shigo da yara kusan 23,000, akasarinsu daga Sin, Rasha da Gwatemala. Jami'ar Minnesota ta buɗe asibiti na musamman domin irin waɗannan yara tun 1986.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a kai yaro wurin likita cikin mako biyu da isowarsa. Ana ɗibar jini a duba ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau da tunjere, a gwada tarin fuka, sannan a karɓi kashinsa har sau uku a nemi tsutsar ciki da ƙwayar jiyadiya mai sa gudawa, wadda ta yi katutu a gidajen marayu.

Ko yaro ya zo da takardun asibiti, sai an sake gwajin. Wani katin rigakafin za a ga an rubuta ranar allura kafin ranar haihuwar yaron. Kuma sakamakon farko bai isa a saki jiki ba. Yaron da tamowa ta ci jikinsa, gwajin fata na tarin fuka kan nuna ba komai alhali ƙwayar tana nan. Wanda aka yi wa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka kuwa, fatar kan kumbura ba tare da cuta ba. Jaririn da bai kai wata 18 ba yana iya ɗauke da garkuwar jikin uwarsa, wadda kan sa gwajin ƙanjamau ya nuna akwai cuta ko da babu, don haka ƙwayar ƙanjamau kanta ake nema a jininsa. Shi ya sa ake maimaita wasu gwaje-gwajen bayan wata shida.

Mutanen gida ma abin ya shafe su. Ƙaramin yaro kan ɗauki ciwon hanta nau'in A yana ta wasansa, ko ido bai yi rawaya ba, ya shafa wa manya su kwanta. Tun 2009 ake shawartar iyalai a Amurka su yi allurar rigakafinsa kafin yaron ya iso. A 2004 kuma an samu ɓullar ƙyanda tsakanin yaran da aka ɗauko daga Sin, har aka dakatar da ɗauko yara daga wani gidan marayu a lardin Hunan na ɗan lokaci.